Daga soron gidanmu zuwa ɗakin haya a Ja'en: littafin lissafi

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

An tsayar da bikin Yaya bayan Babbar Sallah, kuma ɗakin da nake kwana a soro shi za a fasa a haɗe da nasa, a fitar masa da ciki da falo. Ko ba don haka ba, zirga-zirgar Kurna zuwa Sharada ta ishe ni. Sai na sauya Adaidaita Sahu har uku kafin in isa wurin aiki, zuwa da dawowa naira 1,500 a rana, a wata ya tasam ma dubu 38. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai sake sauka ba, litar da ake sha ƙasa da naira 200 yanzu tana wajen 900.

Abin da na tara naira 430,000 ne, yawancinsa daga adashin bara. Albashin da ke shigowa hannuna bayan an cire haraji da kashi 8 cikin 100 na fansho naira 140,000 ne. Ninki biyu ke nan na mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024, wato dubu 70, amma ban taɓa gwada shi da tukunyar kaina ba.

Na sami Baba bayan isha'i na faɗa masa. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Namiji ba ya barin gidan ubansa sai da mata, amma uzurinka a fili yake. Ka nemi gida kusa da masallaci, kuma duk Juma'a a nan za ka ci tuwo." Na ce, "In sha Allahu, Baba, yadda kuka ce haka za a yi." Umma ba ta so ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Makon nan a hannun dillalai na yi shi. Kafin dillali ya ɗaga ƙafa sai ka ba shi kuɗin ganin ɗaki, ko ɗakin ya yi maka ko bai yi ba, kuma kai ne za ka biya masa abin hawa. Dubu 5 ta tafi a nan, ba mabuɗi a hannu.

A Gandun Albasa da Sabuwar Gandu ɗaki mai banɗaki a ciki ya fi ƙarfina, daga dubu 300 suke farawa. Na ga wani a Sheka a kan dubu 150, amma banɗaki ɗaya ne ga ɗakuna bakwai, ga kwata a bakin ƙofa, damina na zuwa. Wanda ya fi ba ni haushi wani ne a Sharada, tafiyar ƙafa zuwa wurin aiki, farashi daidai aljihuna. Mai gidan ya dube ni ya ce, "Malam, ina iyalinka?" Da na ce ban yi ba tukuna, sai ya ce ba ya sa tuzuru cikin matan aure. Ban ga laifinsa sosai ba, da ƙanwata ce a gidan ni ma abin da zan so ke nan. Illa dai dillalin ya san haka tun kafin ya karɓi kuɗina.

Asabar, 19 ga Afrilu

An samu. Ja'en, gida mai ɗakuna biyar, nawa yana daga waje da ƙofarsa daban, da ɗan banɗaki a ciki. Naira 220,000 a shekara, a biya gaba ɗaya. Alhaji mai gidan ya ce sai na kawo babban da zai tsaya min, don haka Kawu ya bar shagonsa ya zo. Shi ya sa aka rubuta a takarda cewa hayar za ta fara ne daga 1 ga Mayu, ba daga yau ba, kuma gyaran rufi da masai na mai gida ne. Alhaji ya ce ai ba sai an rubuta ba, Kawu ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ku bari a rubuta, mu duka mantuwa muke yi."

La'adar dillali kashi 10, dubu 22. Takarda da shaidu dubu 5. Da kuɗin ganin ɗaki, naira 252,000 ta fita. Saura 178,000.

Talata, 22 ga Afrilu

Fenti da ladan mai shafawa dubu 14. Sabon kwaɗo da sakata dubu 7, don ban san hannu nawa tsohon mabuɗin ya ratsa ba.

Asabar, 26 ga Afrilu

Na tare. A-kori-kura daga Kurna dubu 9, ta ɗauko katifata, akwati, da ƙaramin teburin da nake da shi tun ina makaranta. Umma ta ɗora min tiyar shinkafa biyu, garin kuka, daddawa da yaji a kai, ba ta ce min komai ba.

Sauran kayan a Kofar Wambai da Sabon Gari na haɗa su. Ledar ƙasa dubu 18, labule dubu 8. Tukwane biyu, bokiti, baho, buta, jarkoki da kwanuka dubu 24. Tukunyar gas mai kilo 6 da kanta dubu 33, cika ta 7,800. Na yi tunanin risho, amma kananzir ya fi gas tsada yanzu, gawayi kuma ba na ɗaki ɗaya ba ne. Wanda ya fi cizo fanka mai caji, dubu 38. Abokina ya ce almubazzaranci ne. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano a Kano a watan Afrilu ba wuta, ya san ba haka ba ne.

Abin da ya rage daga dubu 430: naira 19,200.

Laraba, 30 ga Afrilu

Albashi ya shigo, na zauna na raba shi a takarda: abinci dubu 48, gas 5, ruwa 6, wuta da shara da 'yan sintiri 6, mota 12, kati da data 7, na Umma 15, sabulu da aski da wanki 5, na ko-ta-kwana 14. Sai dubu 22 na hayar baɗi.

Wannan na ƙarshen shi na fi daɗewa a kai. Albashi wata-wata yake zuwa, haya kuwa shekara-shekara ake karɓarta, kuma a nan na ga mutane da dama suna faɗawa. Mutum ya biya shekarar farko da kuɗin da ya tara a gidan ubansa, ya zauna yana cin albashinsa duka kamar ɗakin gado ne, sai wata na goma sha ɗaya ya fara neman wanda zai ranta masa. Ɗakin nan naira 18,333 yake ci a kowane wata, ko an zo karɓa ko ba a zo ba.

Idan na bar kuɗin a asusun da ke cikin wayata, taɓawa zan yi. Don haka na shiga sabon adashin wurin aiki, mutum goma, zubin dubu 22, za a fara ƙarshen Mayu. Kowa yana rububin kwasar farko, ni na roƙi a sa ni a ƙarshe, Fabrairun 2026. Uban adashin har ya tambaye ni ko lafiya. Na san kuɗin da zan kwasa a Fabrairu ba za su sayi abin da za su saya yau ba, na kuma san mai kwasar ƙarshe shi ke ɗauke da haɗarin wanda ya kwasa ya gudu. Amma a ranar albashi ake karɓar zubi, kuma dubu 220 ɗin za ta iso dab da lokacin da ake nemanta. Zubin Maris da Afrilu, dubu 44, zan riƙe shi saboda ƙarin haya, don ban taɓa jin mai gidan da ya bar farashi yadda yake ba a shekarun nan.

Lahadi, 4 ga Mayu

Adaidaita ɗaya zuwa aiki, naira 200. Da yamma wani lokacin in tako da ƙafa.

Asabar, 10 ga Mayu

Ruwa ya rusa min lissafi. A gida akwai rijiya, ga burtsatsen maƙwabcinmu da yara ke ɗebowa, ban taɓa sanin nawa nake zubarwa a rana ba. A nan famfon gidan ya daɗe bai kawo ba, sai 'yan garuwa. Jarka ɗaya naira 150, ranar da aka kwana biyu ba wuta ta koma 200, saboda masu burtsatse da janareta suke tayar da ruwan, kuɗin man kuma a kan jarka yake sauka. A zafin nan jarka biyu ba ta kai ni gobe: wanka safe da dare, alwala, wanke-wanke, banɗaki. Ranar wanki huɗu. Ga ruwan leda na sha, jaka naira 450, ba ta wuce kwana uku. Idan aka tafi a haka wata zai ci dubu 13 zuwa 14, ni kuwa 6 na rubuta.

Maƙwabcina, wani magidanci mai gyaran babur, ya nuna min dabara. Idan ka sayi kura guda mai jarka 12, mai garuwa zai bar maka a 1,500 maimakon 1,800, tunda ya huta da yawo. Matsalar ita ce inda za ka zuba. Na sayi duro na roba dubu 14, na ajiye a lungun ƙofa da murfinsa. Akwai kuma burtsatse mai sola a masallacin bayan layinmu, ana barin mutane su ɗiba bayan asuba, a jefa abin da ya sawwaƙa a akwati. Ina tafiya da jarka ɗaya in dawo da ita a kafaɗa. Shi nake tafasawa in sha, na rage ruwan leda.

Asabar, 17 ga Mayu

Girkin mutum ɗaya ya fi yadda ake zato wuya. Ranar Lahadi na yi miyar tumatir mai yawa don ta kai ni Laraba, Litinin da daddare na buɗe tukunya ta yi tsami tana kumfa. Kayan miya na dubu 3 da nama na dubu 2 suka tafi bola. Ba firji, kuma ko da akwai, wutar ba ta tsayawa. Tumatir ma ya fara tsada, noman rani na Kadawa da Kura ya ja baya, na damina bai zo ba.

Da miyar ta lalace sai na koma teburin mai shayi: taliyar leda biyu da ƙwai da shayi 1,700. Abincin rana a wurin aiki 1,200. Da koko da ƙosai na safe, mutum ya ci dubu 3,400 a yini ba tare da ya ji ya ci wani abin kirki ba. A wata ya haura dubu 100.

Na kira Umma, ta ce in daina biye wa ɗanyen kaya. Yanzu kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, daddawa, manja da man gyaɗa su ne a kwandona. Garau-garau da daddare, in dafa da ɗan yawa in zuba na rana a kula in tafi da shi aiki. Wake yana shan gas, amma idan aka jiƙa shi tun safe ya fi saurin nuna. Mu huɗu a wurin aiki muka haɗa kuɗi aka sayo katan ɗin taliya da jarkar mai a kasuwar Singa muka raba. Wani ya kawo shawarar Dawanau, na ce ga mai sayen tiya biyu kuɗin motar zai cinye rangwamen, sai dai in buhu za mu haɗa a kaka.

Laraba, 21 ga Mayu

Rigimar wuta. Mita ɗaya ce ga ɗakuna biyar, kuma da ana raba kuɗin ne daidai wa daida. Katin dubu 20 da aka sa farkon wata ya ƙare tun ranar 16, aka zo kowa ya ƙara dubu 2. Ni ƙwan lantarki biyu gare ni, da cajin waya da fanka, kuma yini nake ba na nan. A ciki akwai mai firizar da matarsa ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, akwai mai dutsen guga da abin dafa ruwa. Allah ya taimake mu layinmu ba ya cikin rukunin A na kamfanin wuta, waɗanda tun Afrilun 2024 suke biyan sama da naira 200 a kan kowane yunit.

Ni ne baƙo kuma ƙarami, don haka ban buɗe baki ba sai da na fara samun mai gyaran babur a gefe. Shi ya tara mu bayan isha'i. Mai firiza ya fara da zafi, ya ce shekararsa shida a gidan ba wanda ya taɓa ƙirga masa kaya. Na ce, "Yaya, ba ƙirga muku ake ba, so ake kowa ya san nasa kada a riƙa jin nauyin juna." A ƙarshe aka tsaya a kan shi dubu 8, mai dutsen guga 5, mu ukun 3,500 kowa. Ya amsa gaisuwata da safe, amma a daƙile.

Asabar, 31 ga Mayu

Lissafin wata: abinci dubu 54, ruwa 11,500, wuta da shara da sintiri 5,500, mota 13, data 7,500 (tun ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a Janairu ba ta auki), Umma 15, sabulu da sauransu 6, duro 14. Gas bai ƙare ba. Sai biyu da babu su a takardata: suna da ta'aziyya dubu 5, da naira 2,300 da ta zurare a cire kuɗi. Mai POS yana ɗaukar 200 a kan dubu 10, na'urar bankin da ba naka ba 100 a kan dubu 20 tun watan Maris, ga naira 50 da ake cira a turin dubu 10 zuwa sama. Daga yau sau ɗaya a mako zan riƙa cira, a na'urar bankina.

Jimla 133,800. Da ragowar Afrilu, 25,400 ta rage. Ba riba ba ce: da adashi ya fara tun watan jiya, da 3,400 ce a hannuna. An yi zubin farko yau.

Lahadi, 8 ga Yuni

Sallah ta kama Juma'a, 6 ga wata. Ban yi ɗinki ba, na ƙaramar Sallah na maimaita. Barka da sallah ga yaran gida dubu 6, tunda yanzu ana min kallon mai ɗakin kansa. Na dawo da soyayyen nama cike da roba, zai rage min cefane.

Lahadi, 15 ga Yuni

Daren Alhamis aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Wajen ƙarfe biyu na farka ruwa na zuba a ƙafata. Iska ta ɗaga kwano ɗaya ta kusurwar gabas, silin ya jiƙe ya lotsa, rabin katifa ya sha ruwa. Na ja ta gefe, na tara baho da bokiti, a zaune na ƙarasa daren. Takarduna suna cikin akwati a kan tebur, ba abin da ya same su.

Da safe na kira Alhaji, ya ce kafintansa ya yi tafiya, in yi haƙuri zuwa mako mai zuwa. Hadari kuwa kullum sai ya haɗo. Na je gidansa da kaina da takardar da Kawu ya sa aka rubuta, ban ɗaga murya ba, na ce, "Alhaji, ku ba ni izini in kawo wanda zai gyara, a cire a hayar baɗi." Ya karanta, ya yi shiru, ya ce in kawo rasit. Kwano ɗaya, ƙusa, katako guda da ladan kafinta dubu 16. Na sa Alhaji ya rubuta a bayan rasit ɗin haya ya sa hannu, mai gyaran babur ya shaida. Silin an bar shi sai rani. Katifar tana jingine a rana, har yanzu tana warin danshi, a tabarma nake kwana.

Duro dai ya cika da ruwan sama, wanki da banɗaki sun huta da 'yan garuwa.

Juma'a, 20 ga Yuni

Zazzaɓin cizon sauro. Gwaji 1,500, magani 4,500, gidan sauro dubu 4. Ban iya tashi na dafa komai ba, ƙanina ne ya riƙa kawo kunu da fate daga Kurna, ni nake biya masa kuɗin mota. Umma ta ce in dawo gida har in warke. Babu ɗakin da zan koma, magina sun riga sun fasa bangon.

Lahadi, 29 ga Yuni

An ɗaura auren Yaya jiya. Anko da ɗinki dubu 22, gudummawa dubu 20. Tun Afrilu an san da bikin nan, amma ba shi da gurbi a albashin dubu 140, kuma ba abin da ƙanin ango zai ce ba zai yi ba. Rufi da magani sun riga sun cinye abin da na yi niyyar kaiwa. Na ranci dubu 35 a wurin Kawu, zan biya kashi biyu, ƙarshen Yuni da ƙarshen Yuli. Bai tambayi dalili ba, ya dai ce kada in taɓa adashin.

Laraba, 2 ga Yuli

Yuni ya ci naira 200,400, abin da ya shigo da ragowar Mayu 165,400 ne. Abinci ya sauka zuwa dubu 43, ruwa zuwa 5. Gas ya ƙare ranar 17, ya yi mako bakwai da 'yan kwanaki, cikawa dubu 8.

Sabon rabo: adashi 22, bashin Kawu 17,500, abinci 46, gas 4, ruwa 5, wuta da shara da sintiri 5,500, mota 11, data 5, Umma 15, sabulu 4, zumunci 5. Na fitar da zumunci daga cikin ko-ta-kwana na ba shi layinsa, domin suna da biki da gaisuwar rasuwa ba bazata ba ne a dangi irin namu, babu watan da ba a yi. Ko-ta-kwana kuwa babu ko sisi har sai Satumba. Wani abokin aiki ya ce in rage na Umma na wata biyu. Dubu 15 ɗin nan ita ce cefanen da nake ci shekara da shekaru ban san farashinsa ba, ba a nan zan rage ba.

Akawunmu ya ce in adana rasit ɗin haya. Sabuwar dokar haraji da shugaban ƙasa ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni za ta fara aiki Janairun 2026, kuma ta ba mai haya sassaucin kashi 20 na hayar shekara, iyakarsa dubu 500. Nawa dubu 44 ke nan. Ba kuɗi za a miƙo min ba, cire su za a yi daga abin da ake lissafa haraji a kai. Na ɗauki hoton rasit ɗin gaba da baya.

Asabar, 5 ga Yuli

Na kai wa Kawu 17,500. Na tambayi kuɗin keke na hannu, mai ɗan lafiya dubu 55 zuwa 60. Idan ya rage min dubu 8 a wata, zai fanshi kansa cikin wata bakwai zuwa takwas, amma ba kafin Oktoba ba, sai bashi ya fita kuma an ajiye ko da dubu 20 ta ko-ta-kwana. Katifa ta bushe. Gobe za mu zauna da mutanen wurin aiki kan haɗa kuɗin buhun shinkafa da na wake idan sabo ya shigo.